Mun Sayi Doki, Linzami Na Hannun Mai Sayarwa: Maganar Wasan Play Ta Intanet



Maganar da za mu tayar yau, wasu dattawa za su ce ta yara ce. Maganar Play ce. To amma dan Allah a ɗan yi haƙuri a karanta har ƙarshe, domin inda duk kuɗin talaka ke fita, maganar ta wuce ta yara.

Ku zagaya unguwa bayan La'asar, ko a Zariya ta Maraɗi, ko Garin Malam a Damagaram, ko Bukoki a Yamai. Za ku tarar da shago ko rumfa, tele biyu ko uku, benci, maneti da aka ɗaure da salatif, da yara sun yi cincirindo suna jiran layi. Kowa da ƴan canjinsa a hannu, wanda aka ci ya tashi, wanda ya ci ya zauna. Mai shagon nan matashi ne da bai samu aikin gwamnati ba, bai kuma tafi Jado ko Libiya ba. Da wannan na'ura yake biyan haya, yake sayen man gurup in an ɗauke wuta, yake kai cefane gida. A wurinsa Play jari ce, kamar yadda babur yake ga ɗan kabu-kabu.

Muhawarar da ake yi a fada-fada ita ce: shin kamfanonin da ke ƙera waɗannan na'urori, Sony mai PlayStation, Microsoft mai Xbox, da Nintendo, ya kamata su ɗauki nauyin wasa ta intanet, inda mutum zai kara da wani yana wani gari? Mu amsarmu ita ce e, wajibinsu ne. Sai dai abin da suke yi yau suna kiransa tallafi, mu ba mu yarda da sunan ba. Sun mayar da intanet kwaɗo, sun garƙame na'urar da muka biya da guminmu, makulli kuma na aljihunsu.

Bari mu fara da dalilin da ya sa muka ce e, kada a ɗauka mu maƙiyan ci gaba ne. Mu mutane ne masu watsuwa. Gida ɗaya za ka tarar wa yana Agadas, ƙane yana karatu a Kano, ɗan baffa yana Abijan, wani yana Aljeriya. Yaran da suka tashi a benci ɗaya suna buga ƙwallo a tele, yau hamada da iyakoki sun raba su. In akwai hanyar da za su haɗu da dare su buga wasa ɗaya, suna ba'a, suna tambayar lafiyar tsohuwa, wannan zumunci ne, kuma ba mu ga mai tsawatarwa a kansa ba. Haka yaron da ya gagari kowa a unguwarsu, ta intanet kaɗai zai san ko gwani ne ko kuwa dodon gida ne. Fasahar ma ba sabuwa ba ce. Tun ƙarshen shekarun 1990 kamfanin Sega ya fitar da Dreamcast da abin haɗawa da layin tarho a jikinta. Don haka ba alfarma muke roƙo ba.

To ina matsalar take? Ga ta ɗaya bayan ɗaya.

Ta farko, biya biyu. Microsoft ce ta buɗe wannan ƙofa a 2002 da Xbox Live: ka sayi na'ura, ka sayi wasa, ka biya intanet ɗinka, sannan ka biya abonma kafin a bar ka ka kara da wani. Sony da farko ba ta bi ba. Lokacin da PS3 ta fito a 2006, wasa ta intanet kyauta ne, kuma da wannan ta riƙa tallata kanta. Da PS4 ta zo a 2013, sai labari ya sha bamban: ba PlayStation Plus, ba karawa ta intanet a mafi yawan wasannin da ka saya. Nintendo ta riƙe kyauta har 2018, ita ma ta bi sahu. Kun ga ke nan, ba fasaha ce ta tilasta ba. Ɗaya ya gwada ya ga an biya, sauran suka ce mu ma a ba mu.

Yanzu mu yi lissafi da kuɗinmu. A watan Satumba na 2023 Sony ta ɗaga kuɗin shekara na mafi ƙanƙantar abonma, a Turai ya tashi daga yuro 59.99 zuwa 71.99. Yuro ɗaya sefa 655.957 ne, ba ya motsi. Ku buga: wajen jika 47 ke nan. Mafi ƙarancin albashi a Nijar, bayan ƙarin da aka yi, jika 42 ne a wata. Wato ma'aikaci ya yi wata cur yana aiki, abin da ya samu bai kai kuɗin izinin shiga fili ba. Ba a yi maganar na'ura ba, ba a yi maganar wasan ba, ba a yi maganar forfe ba, ba a yi maganar ribar wanda zai sayo maka katin daga waje ba. Farashin da aka yanka don ɗan Faransa, shi ake miƙo wa ɗan Madarunfa.

Za a ce ai manyan kwamfutocin da ke haɗa ƴan wasa, waɗanda yara ke kira sarber, suna cin kuɗi. Gaskiya ne, suna ci. Amma mu yi tambaya: mai buga wasan nan ɗaya a kwamfuta, nawa yake biya don ya kara da wani? Ko dala. Microsoft da kanta ta gwada karɓar irin wannan kuɗi daga masu kwamfuta a 2007, suka ƙi, ta janye a 2008. Kuma a wasanni da yawa, kamfanin da ya yi wasan ne ke ɗaukar nauyin sarber, ba mai na'ura ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Abin da ya bambanta mai kwamfuta da mai Play shi ne, mai Play an kulle shi a gida mai ƙofa ɗaya.

Ta biyu, kuma ita ta fi ci mana rai: a idonsu babu mu. Je ka buɗe kont na PlayStation, ka duba jerin ƙasashe. Babu Nijar. Babu Najeriya mai mutum sama da miliyan 200. A ƙasashen Afirka kudu da Sahara, Afirka ta Kudu za ka gani. Don haka duk yaron da ke wasa ta intanet a garuruwanmu, da ƙarya ya fara. Ya ce shi mazaunin Faransa ne, ya ari adireshin wani otel a Paris ko wani shago a Amurka, alhali ƙa'idojin da ya danna ya amince da su sun ce ya faɗi gaskiya a kan inda yake zaune. Ranar da aka samu matsala, aka sace kont ɗin ko aka rufe shi, wa zai kai wa kuka? Kuɗinsa sun shiga, amma shi a takarda ba ya nan.

Kada ku ce zato ne. A watan Mayu na 2024 Sony ta ce duk mai buga Helldivers 2 a kwamfuta dole ya haɗa da kont na PlayStation. Sai aka farga cewa mutane da yawa da suka riga suka sayi wasan suna ƙasashen da ba a buɗe kont ɗin. Aka cire wasan daga kasuwar Steam a ƙasashe da yankuna sama da 170, mafi yawan Afirka na ciki. Duniya ta yi ca, cikin ƴan kwanaki Sony ta janye sharaɗin, amma an daɗe kafin wasan ya dawo kasuwar waɗannan ƙasashe. Abin lura: ba don kukanmu aka janye ba. Don masu saye na Turai da Amurka sun fusata ne.

Ta uku, nisa. Wanda bai taɓa wasa ta intanet ba, ga yadda abin yake. In ka danna maneti, saƙon sai ya bar ɗakinka, ya bi rezo, ya bi waya ta ƙarƙashin ƙasa har bakin teku, tunda mu ba mu da teku, ya bi ta ƙarƙashin ruwa har inda sarber take, sannan amsa ta dawo. Wasan ƙwallo yana canza hoto sau 60 a daƙiƙa ɗaya. In tafiya da dawowar nan ta ci kashi ɗaya cikin shida na daƙiƙa, hoto goma sun wuce ka. Kai kana ganin ƙwallo a ƙafarka, a wurin abokin karawarka an riga an ƙwace. Yaro ya yi ta zagin kansa yana cewa hannunsa ya mutu, alhali taswirar duniya ce ta ci shi. Manyan cibiyoyin kwamfuta da Microsoft ta buɗe a nahiyarmu a 2019, da na Amazon a 2020, a Afirka ta Kudu suke, kuma daga nan zuwa can ba kusa ba ne. Kuɗi ɗaya muke biya da Bature, shi a ba shi fili mai ciyawa, mu a ba mu yashi.

Mu ƙara da halin da muke ciki. Kowa ya tuna watan Agusta na 2023, da aka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya, yadda garuruwa suka zauna cikin duhu. Kowa ya tuna 14 ga Maris na 2024, da wayoyin ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar yammacin Afirka, ƙasashe da dama suka wayi gari intanet na rarrafe. A irin wannan ƙasa, na'urar da ba ta aiki sai da intanet, ado ce kawai a kan tebur. Ko a can inda wuta ba ta ƙiftawa abin na faruwa: a 2011 an yi wa PlayStation Network kutse, ta rufe sama da mako uku, bayanan kont kusan miliyan 77 suka shiga haɗari.

Ta huɗu, ranar da suka ga dama sai su kashe. Microsoft ta rufe layin Xbox ta farko a watan Afrilu na 2010. Wasu masoya Halo 2 suka ƙi kashe na'urorinsu, suka zauna a cikin wasan kwana da kwanaki, har na ƙarshensu ya faɗo a watan Mayu. Nintendo ta rufe na Wii da DS a 2014, ta rufe na Wii U da 3DS a watan Afrilu na 2024. Kamfanin EA ya saba rufe layin tsofaffin FIFA bayan ƴan shekaru. Mafi muni shi ne The Crew, wasan tseren mota na Ubisoft da ya fito a 2014: da aka kashe sarber a ƙarshen Maris na 2024, wasan ya mutu ɗungurungum, ko kai kaɗai ba ka iya buga shi. Faifai na hannunka, ka biya, amma ya zama marfin kwano.

Wa wannan ya fi shafa? Mu. Domin mu ne masu sayen na hannu. Na'urar da Turai ta gama yayinta ita ke sauka kasuwanninmu ta Kano, ta Kwatano, ta Dubai. Lokacin da ta iso hannun yaron Tasawa, a can an fara shirin rufe mata layi. Mu ne ƙarshen layin cin abinci, kuma mu ake ɗauke wa kwano.

Ta biyar, sun fara cin naman wasan zaune. A 2013 Microsoft ta so ta fitar da Xbox One da sharaɗin sai ta leƙa intanet sau ɗaya a kowace awa 24, in ba haka ba wasanni su tsaya. Da aka tambayi shugaban sashen na lokacin, Don Mattrick, ina makomar marasa intanet, sai ya nuna musu tsohuwar Xbox 360, wai ita ce tasu. Mutane suka yi bore, kamfanin ya janye. Amma abin da aka hana shigowa ta ƙofa ya dawo ta taga. Faifan Call of Duty na 2022, abin da ke cikinsa bai kai mega 100 ba, sauran sai ka sauke, kuma ya haura giga 100. Ku lissafa forfe nawa ke nan. PES da muka tashi da ita, Konami ta mayar da ita eFootball a 2021, babu faifai sam. PS5 akwai wadda ba ta da wurin sa faifai, in ka sayi abin karanta faifan daban, sai ka haɗa da intanet kafin ya fara aiki. Switch 2 da ta fito a 2025 tana da wasu katuna da babu wasan a cikinsu, makullin saukewa ne kawai. Wannan cinikin biri a sama ne.

Shi ya sa har gobe za ku ga PS2 da PS3 da PS4 na aiki a shagunanmu. Wani ya ce ci baya ne. Mu muna ganin hankali ne. Na'urar da za ka kunna, ka sa maneti biyu, wasa ya tashi ba tare da neman izinin kowa a wata nahiya ba, ita ce ta mai shago. Sauran kayan aro ne, kuma kayan aro ba ya ado.

Yanzu mu juyo kanmu, don in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Za a ce mana: ku da kuke buga wasannin kofi, kuna fasa na'ura kuna loda wasa hamsin a ciki, da wane baki za ku nemi haƙƙi? Ba mu musa ba, ana yi, kuma ba mu ce daidai ne ba. Amma a gaya mana, ina shagon kamfanin yake a Yamai? Ina farashin da aka yi don aljihunmu? Ina hanyar biya da kuɗin waya, wadda ko mai sayar da ƙosai ta iya? Ka ƙi buɗe ƙofa, sannan ka yi mamakin ganin mutane a kan katanga. Ku dubi wasannin waya irin su Free Fire da PUBG Mobile: ba su nemi abonma ba, suna tafiya a ƙaramar waya, ga shi yaranmu sun cika su, har suna sayen kaya a ciki da ƴan kuɗinsu. Kasuwa akwai. Raini ne ya hana a gan ta.

Su kuma iyayenmu da malamanmu da ke cewa a bar abin baki ɗaya, yana hana yara lakwal da sallah, muna jin ku, kuma damuwarku gaskiya ce. Amma ku lura da abu ɗaya. Yaron da ke shagon unguwa, an san inda yake, an san da wa yake zaune, in an kira sallah mai shago na iya kashe tele, in kuɗinsa sun ƙare ya tashi. Wasan da aka gina don ya riƙe yaro shi kaɗai a ɗaki har asuba, yana magana da wanda ba a sani ba, ana tallata masa akwatin sa'a mai kama da caca, shi ne abin tsoro. Don haka kare wasan zaune, na mutum biyu a benci ɗaya, ku ma yaƙinku ne.

Wani zai ce, to mu su wa, har kamfanin Japan ko Amurka zai ji mu? Ku duba tarihi. An ja da baya a 2013. Sony ta daɗe tana hana masu PlayStation karawa da masu wasu na'urori, a 2018 ta sassauta a kan Fortnite saboda matsin jama'a. A watan Janairu na 2021 Microsoft ta sanar da ƙarin kuɗin abonma, ba a yi kwana biyu ba ta lashe amanta, daga baya ma ta cire sharaɗin abonma a wasannin kyauta. Bayan mutuwar The Crew, mutane sama da miliyan ɗaya a Tarayyar Turai suka sa hannu a takardar neman a hana kashe wasannin da aka saya. Jihar Kalifoniya ta yi doka a 2024 cewa kada a rubuta "saya" alhali izinin amfani kawai ake ba ka, sai an bayyana. Kuma masu sha'awa, ba da jarin kamfani ba, sun tayar da layukan da aka rufe: Wiimmfi na Wii, Pretendo na Wii U da 3DS, Insignia na Xbox ta farko. In ƴan sa-kai sun iya, kamfani mai biliyoyi ba shi da uzuri.

Ga abin da muke kira tallafi na gaskiya. Duk wasan da za a iya bugawa a zaune, ya tashi ba tare da intanet ba, kuma faifai ya ƙunshi wasan. A sa ƙasashenmu cikin jeri, mu daina ƙaryar adireshi. A yanka farashi daidai da ƙarfin yanki, a karɓi kuɗin waya. A kawo sarber yammacin Afirka. Ranar da za a rufe layi, a sanar da wuri, a kuma bar wa mutane hanyar haɗa nasu. Karawa tsakanin abokai biyu kuwa, a daina karɓar kuɗin ƙofa a kanta.

Kafin su ji, akwai abin da ke hannunmu. Kai mai saye, kafin ka miƙa kuɗi ka tambaya: "Wanga wasa shina tashi ba intanet? Mutum biyu na bugawa a tele guda? Kont ɗin da ke ciki na wa ne?" In mai kaya ya fara kame-kame, ka riƙe kuɗinka. Kai ɗan kasuwa, ka ji tsoron Allah, kada ka sayar wa yaro na'ura cike da wasannin da ke kan kont ɗin wani, wanda gobe zai canza lambar sirri ya bar shi da kwali. Ku masu shagunan Play, ku haɗa kai gari-gari, ku riƙa shirya gasa a zaune, ku riƙa gaya wa juna wasan da ke aiki da wanda ke cin forfe a banza. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ƙungiyoyin kare masu saye da hukumar ARCEP kuma, lokaci ya yi da za su san cewa kayan da ake saye ta intanet su ma kaya ne, kuma ana cutar mutane a cikinsu.

Muna son intanet, muna son yaron Maraɗi ya ci ɗan Marseille uku da nema, duniya ta gani. Amma dokin da muka biya, a miƙo mana linzaminsa.

Masu shago, ƴan wasa, iyaye, mi kuka gani? Muna saurarenku. Allah ya sa mu dace, ya yi wa neman matasanmu albarka.